Gaban Zane da Bayansa: Baje-kolin Zane-zanen Fadar Bakingham

Manufar wannan maƙala ita ce a yi bayanin abin da mutum zai tarar, da abin da ya kamata ya lura da shi, idan ya ziyarci baje-kolin zane-zanen tsofaffin gwanayen Turai waɗanda ke cikin taskar gidan sarauta. Domin kada maganar ta tashi ba tushe, za mu kafa ta a kan misali guda, watau baje-kolin da aka buɗe a Landan cikin watan Disamba na 2020, sa'ad da aka sauko da zane 65 daga bangon Fadar Bakingham, aka jera su a wani gidan nuni da ke jikin fadar, don kowa ya sayi tikiti ya shiga ya gani. Annobar korona ta sa an rufe shi ba da jimawa da buɗewa ba, aka sake buɗewa cikin watan Mayu na 2021, ya ci har farkon 2022. Abin da muke son nunawa shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan zane-zane fuska biyu gare shi. Akwai gaba, inda gwani ya bar aikin hannunsa. Akwai kuma baya, ɓangaren da ke jingine da bango, inda waɗanda suka mallake shi suka bar tambarinsu da lambobin rajistarsu. Ba a juya wa mai ziyara zane ya ga bayansa, amma labarin bayan yana nan rubuce, kuma shi ne ke faɗin yadda aka yi zanen ya zo inda yake.

Su Wane ne Tsofaffin Gwanaye?

Kafin mu yi nisa, tilas mu daidaita a kan kalmomi biyu. Ta farko ita ce zane. A bakin Bahaushe tana da faɗi ƙwarai: akwai zanen magina a jikin soro, da zanen wanzami a fuska, da zanen ƙwarya, har da wanda zabuwa ta zo duniya da shi. Ita kuwa kalmar hoto aro ce, tare da kyamara ta shigo mana, ko da yake yanzu ta mamaye kowace irin sura. A wannan maƙala, idan mun ce zane muna nufin surar da aka yi da hannu, da fenti da burushi, a kan ƙyalle mai kauri ko a kan allon katako.

Ta biyu ita ce gwani. Waɗanda Turawa ke kira tsofaffin gwanaye su ne masu zanen da suka yi aiki daga wajen ƙarni na 14 zuwa ƙarshen ƙarni na 18, galibi a Italiya da Holan da Filandas (arewacin Beljiyam ta yau) da Sifen da Faransa. A wancan zamani zane sana'a ce mai ƙungiya da dokoki, kamar ƙira ko rini a garuruwanmu. Yaro yakan shiga hannun ubangida ya yi shekaru yana niƙa launi, yana wanke burushi, yana kwaikwayon aikin maigidansa, kafin ƙungiya ta yarda ya kai ya sa hannu a kan aikinsa, ya sayar, ya ɗauki nasa yaran. Alal misali, a 1653 ne ƙungiyar masu zane ta birnin Delft ta karɓi Johannes Vermeer a wannan matsayi. Saboda haka gwani a nan laƙabin sana'a ne tun kafin ya zama kalmar yabo. Wanda ya san sarautar Babban Gwani ta maginan Zazzau, wadda Muhammadu Durugu mai ginin Masallacin Juma'a na Zariya ya yi suna da ita a ƙarni na 19, ba zai sha wahalar gane wannan ba.

Abin da Ya Sauko da Su

Mazaunin waɗannan zane-zane na kullum wani dogon zaure ne a tsakiyar fadar, mai tsawon mita 47, wanda haske ke shigo masa ta rufi. John Nash ne ya tsara shi wa Sarki George na IV a shekarun 1820. A nan ake tarbar manyan baƙi, a yi liyafa. An rataye zane-zanen hawa biyu, wasu a kan wasu, sama da kujeru da murhunan jin ɗumi, yadda za su cika bango su dace da juna a girma. Watau ado ne na ɗaki. Talaka kuwa bai fara taka wannan zaure da tikitinsa ba sai a 1993, bayan gobarar da ta ci wani sashe na Fadar Windsor a watan Nuwamba na 1992, aka ga ya kamata a riƙa buɗe Bakingham 'yan makonni da bazara don a tara kuɗin gyara. Ko a lokacin, cikin layi mutum yake wucewa, bayan igiya, yana ɗaga kai.

To, a 2017 aka soma aikin shekara goma na sauya wayoyin lantarki da bututan ruwa na fadar, waɗanda wasunsu tun shekarun 1950 ba a taɓa su ba. Da aiki ya iso wannan zaure dole a kwashe abin da ke bango. Maimakon a kulle su a ma'aji, sai aka kai su gidan nunin da aka buɗe a 1962 a gurbin majami'ar fada wadda bom ɗin Jamus ya rushe a 1940. A lokacin ana kiransa Gidan Nunin Sarauniya. A 2024 aka mayar da sunan na Sarki. A can aka jera su sahu ɗaya, daidai idon mai kallo, kowanne da haskensa da sararinsa, aka kasa su gida-gida: na Holan da Filandas, da na Italiya. Ashe tsofaffin wayoyi ne suka yi wa jama'a hanyar abin da ba su samu ba cikin kusan shekara 200.

Mai karatu na iya cewa, ai ba wani abu ba ne don an sauko da zane kamu biyu ko uku. Amma fa babban abu ne, kuma dalilin yana cikin yadda ake yin zanen. Gwanayen nan da mai suke kwaɓa launinsu, galibi man 'ya'yan lilin. Irin wannan fenti ba ya saurin bushewa, kuma ana iya tsinka shi har ya zama kamar gilashi. Sai gwani ya shimfiɗa launi, ya bari ya bushe, ya ɗora wani siriri a kai, ya sake ɗora wani, yadda haske zai ratsa na sama ya bugi na ƙasa ya komo. A wani wurin kuma ya tula farin dalma da kauri har ya yi tudu, ya kama haske da kansa. Duk wannan ba ya fitowa a hoton littafi, ba a kuma ganinsa daga nesa. A nan kam gani ya kori ji.

Gaban Zane

Mu fara da Rembrandt, wanda aka haifa a 1606 ya rasu a 1669. Yana da shekara 27, bai daɗe da komawa Amsterdam ba, ya zana wani tsoho mai tsara jiragen ruwa, Jan Rijcksen, da matarsa Griet Jans. Wannan a 1633 ke nan. Al'adar lokacin ita ce a yi wa miji da mata zane biyu dabam, kowa a sandare cikin baƙaƙen tufafi, a rataye su kusa da juna. Rembrandt ya haɗa su a ƙyalle ɗaya, ya kuma ba su abin yi. Tsohon na zaune a teburinsa kusa da taga, ma'aunin ƙarfe mai ƙafa biyu na hannunsa, ga tsarin jirgi a takarda gabansa. Matar ta banko ƙofa da sauri, ta miƙo masa wata 'yar wasiƙa, ɗaya hannun nata bai ma saki mariƙin ƙofar ba, alamar yanzu za ta juya. Shi kuwa ya waiwayo rabi da rabi, da idon wanda aka katse wa lissafi. Duk wanda ya taɓa zama gidan da tsofaffi biyu suka shekara arba'in tare ya san wannan kallo. Babu fushi a ciki, sai dai ɗan gundura irin ta sabo. Ƙiftawar ido guda ce aka kama, ga ta nan ta kusa shekara 400 ba ta wuce ba.

Shekara takwas bayan haka, a 1641, ya zana Agatha Bas, 'yar wani babban gida a Amsterdam. A nan wata dabara ya yi. Ya zana baƙin firam a cikin zanen kansa, sa'an nan ya sa ta dafa shi da hannun hagu, babban yatsanta ya leƙo waje, maficin da ke hannunta na dama kuma ya zubo ta kan katakon ƙasa. Mai kallo na tsaye sai ya ji kamar a bakin taga take, ta matso. Idan ka kusanta ka ga leshin wuyanta da zaren zinariyar ƙirjinta ɗigo-ɗigon fenti ne masu kauri. Ka ja da baya taki uku su koma leshi da zinariya. Bai ƙara mata kyaun da ba ta da shi ba, kuma a ganina wannan ne ya sa ake daɗewa a gabanta.

Amma zanen da ya fi tara jama'a ƙarami ne, tsawonsa bai wuce santimita 75 ba. Shi ne na Vermeer wanda aka fi sani da Darasin Kiɗa, na farkon shekarun 1660. Vermeer bai yi aiki da yawa ba. Abin da ya rage na hannunsa a duniya bai kai zane 40 ba, shi ya sa ko ɗaya ya fito sai a yi masa layi. Ɗaki ne mai tagogi a hagu, da daɓen duwatsu fari da baƙi. Abin mamaki, mutanen da zanen ke magana a kansu suna can ƙuryar ɗakin, nesa da mu. Kafin ido ya kai gare su sai ya ƙetare tebur lulluɓe da dardumar Gabas, da farar buta a kan faranti, da kujera mai shuɗiyar shimfiɗa, da wani babban goge kwance a ƙasa. Can sai ga mace tsaye ta ba mu baya, tana kaɗa wani akwatin kiɗa mai tsirkiya da ake dannawa da yatsu, ɗan'uwan piyano na wancan zamani. Gefenta wani namiji ne tsaye, hannunsa a kan sanda, bakinsa a ɗan buɗe. Malaminta ne ko mai nemanta? Zanen bai faɗa ba, sunan Darasin Kiɗa kuma ba Vermeer ne ya raɗa shi ba.

Sai mai kallo ya ɗaga ido zuwa madubin da ke rataye sama da akwatin kiɗan. A ɗakin, kan matar na duban yatsunta. A madubi kuwa fuskarta ta karkata wajen namijin fiye da yadda ya kamata. Mutumin da ya auna kowane dutsen daɓe ba zai yi wannan da kuskure ba. Madubin ya tona abin da bayanta ya rufe. Har wa yau, a saman madubin ana hango ƙafafun katakon da mai zane ke jingina ƙyallensa, watau Vermeer ya nuna yana cikin ɗakin ba tare da ya nuna fuskarsa ba. Masu bincike sun sami wani ɗan hujin allura a jikin fentin, daidai hannun rigar matar. A nan ya kafa allura ya ɗaura zare, yana ja zuwa gefe-gefe don ya fitar da layukan daɓe da tagogi, su haɗu duka a wuri guda. Dabara ce irin ta magini da igiyarsa. Shuɗin da ya yi aiki da shi kuwa daga dutsen lazuwardi ake niƙo shi, wanda ake haƙowa a duwatsun Badakshan na Afganistan, kuma shi ne launi mafi tsada a kasuwar lokacin. Wasu gwanaye sukan ajiye shi don tufar mutum mafi daraja a zane. Vermeer har cikin inuwar farin bango yake zuba shi. Ya rasu a 1675 yana da shekara 43, ya bar mata da 'ya'ya 11 da bashi, har matar ta ba mai gidan burodi zane biyu jingina saboda bashin burodin da suka ci.

A ɓangaren Italiya, wanda zai fi jan hankalin ɗalibin harshe shi ne na Artemisia Gentileschi, wadda ta zo Landan wajen 1638, inda mahaifinta Orazio ke yi wa Sarki aiki. Masanan Italiya sun saba kwatanta kowace fasaha da surar mutum, kuma da yake kalmar da ke nufin zane a harshensu tamata ce, sai suka suranta fasahar zane a matsayin mace mai hargitsattsen gashi, da sarƙar zinariya a wuya. Artemisia ta ga wata dama da babu namijin da ke da ita: ta zana kanta a matsayin wannan mace. Ga ta nan ta sunkuyo ta gefe, ta naɗe hannun koriyar riga, burushi a sama, allon launi a ƙasa, ba ta ko kallonmu, aiki ya ɗauke mata hankali. Da a Hausa ne wasan ba zai yiwu ba, tun da zane namiji ne a wurinmu. Akwai kuma zane-zanen Canaletto na birnin Benis mai hanyoyin ruwa, da na Claude, da na Titian, da wasu ƙananan na Holan masu nuna 'yan karta da masu shan giya da matan gida. Kowanne na da abin faɗi, amma mu juya baya.

Bayan Zane

Sarki Charles na I, wanda ya hau gadon Ingila a 1625, shi ne ya fara tara zane da gaske a wannan gida, kuma ya san abin da yake tarawa. Tun yana ɗan sarki aka kawo wa wani bafadensa zanen farautar zaki daga gidan Rubens, babban gwanin birnin Antwerp, masana a Landan suka duba suka ce aikin yara ne, da ƙyar hannun maigida ya taɓa shi, aka mayar masa. Don ya wanke kansa, Rubens ya zana fuskarsa da hannunsa a 1623 aka kai wa Charles. Wannan zane yana cikin 65 ɗin da aka nuna. Da ya zama sarki, Charles ya sayi taskar gidan Gonzaga, sarakunan Mantua na Italiya, waɗanda bashi ya ci ƙarfinsu, ya kuma jawo Van Dyck zuwa fadarsa a 1632. Ya tara zane wajen 1,500 da sassaƙe wajen 500. Ya sa ana ɗora wa bayansu tambarin wuta, harufan CR da kambi a sama, kamar yadda makiyayi ke yi wa dabbarsa lamba.

Wannan duka yana faruwa ne alhali yana rigima da majalisa a kan haraji da addini da iyakar ikon sarki. Rigimar ta zama yaƙin basasa, aka ci shi. Ranar 30 ga Janairu, 1649, aka bi da shi ta cikin zauren liyafa na Whitehall, ƙarƙashin rufin da Rubens ya zana masa don ɗaukaka sarautar mahaifinsa, aka fitar da shi kan dandamali aka fille masa kai. Majalisa ta sa aka yi wa kayansa kuɗi ɗaya bayan ɗaya, aka sa su kasuwa don a biya bashin da ya bari. Waɗanda ke bin fada bashi, masu ɗinki da masu sayar da yadi da sauran ma'aikata, da yawansu da zane aka sallame su. Har mai gyaran bututun ruwan fada ya tashi da zanen Titian. Jakadan Sifen da wakilan manyan Faransa suka bi su gida-gida suna saye da araha. Dalili ke nan da ya sa wasu daga cikin mafi kyawun abin da Charles ya tara yau suke gidan Prado a Madrid da gidan Louvre a Faris, da tambarinsa a bayansu.

Da aka mayar da sarauta a 1660, ɗansa Charles na II ya ba da umarni duk wanda ke riƙe da kayan mahaifinsa ya dawo da su. Na cikin gida suka dawo da yawa, ciki har da zanen Artemisia. Na ƙetare kuwa sun tafi ke nan. A shekarar ce kuma mahukuntan Holan suka aiko masa da gaisuwar zane fiye da 20 don neman shiri. A cikinsu akwai wanda Lorenzo Lotto ya yi a 1527 na wani attajirin Benis, Andrea Odoni, zaune tsakiyar gutsattsarin gumakan dā da ya tara, yana miƙo ɗaya, ɗaya hannun a ƙirji. Zanen mai tara kaya ne, ya bar hannun magadansa ya je Amsterdam, daga can ya zama toshiyar siyasa. Toshiyar ba ta yi aiki ba, don shekara biyar bayan haka ƙasashen biyu suka gwabza yaƙi a teku.

Sarki goma zamani goma. George na III littattafai suka fi damunsa. A 1762 ya sayi taskar Joseph Smith, wakilin Ingila a Benis, a kan fam 20,000, littattafai da zane-zane a haɗe. Ta haka ne zanen Canaletto wajen 50 suka shigo gidan a tashi ɗaya. A cikin tarkacen cinikin akwai wani ɗan zane da aka rubuta a rajista da sunan Frans van Mieris, saboda an karanta sa-hannun da ke jikinsa ba daidai ba. Shi ne Darasin Kiɗa. Ya shekara fiye da 100 da sunan wani, sai a 1866 wani masani Bafaranshe, Théophile Thoré, ya ce na Vermeer ne. Zanen da ake yi wa layi yau gyara aka ba da shi a kan cinikin wani abu.

Mafi yawan na Holan da aka nuna kuwa George na IV ne ya saye su, mutumin da tarihi ya sani da almubazzaranci da bashi. Ya yi sa'ar zamani, domin juyin juya halin Faransa da yaƙe-yaƙen Napoleon sun girgiza manyan gidajen Turai, kayansu suka yi ta kwarara zuwa gwanjon Landan. A 1814 ya sayi zane 86 na gidan Baring a ciniki ɗaya. A 1819 ya sami Agatha Bas. Zanen mijinta, wanda aka yi su don su zauna kafaɗa da kafaɗa, kasuwa ta raba su, yana Brasels. Abin lura a nan shi ne, wannan sarki mai son ƙawa ba abin da ya fi so kamar zanen 'yan kasuwa da matan gida na wata jamhuriya wadda ba ta da sarki sa'ad da aka zana su. Mai tsara jiragen ruwa da matarsa ya saye su a 1811 a kan gini 5,000. Gini sule 21 ne, kuma sunan ya samo asali daga gaɓar Gini ta Afirka ta Yamma, domin da zinariyar can aka fara buga wannan kuɗi a 1663. Kamfanin da ke kawo zinariyar, wanda ƙanen Charles na II ke shugabanta, shi ne kuma ke jigilar bayi daga wannan gaɓa zuwa Amurka. Ba muna cewa da kuɗin bayi aka sayi wannan zane ba. Muna cewa ne ɗan Afirka ta Yamma da ya karanta farashin a takardar bango ya ci karo da sunan yankinsa a inda bai zata ba.

Tambarin Charles bai daina aiki ba har yau. A 2023 aka ba da sanarwar cewa wani zane da ya shekara fiye da 100 a ma'ajin Fadar Hampton Court, ya yi duhu, an ɗora masa fentin gyara, an rubuta shi a matsayin aikin wani Bafaranshe da ba a san sunansa ba, ashe na Artemisia ne. Masu bin diddigin rajistar gwanjon 1649 ne suka zarge shi, da aka zo gyara sai ga CR a bayansa.

Na Wane ne?

Taskar sarautar Ingila ta ƙunshi abubuwa fiye da miliyan ɗaya, zanen fenti kaɗai wajen 7,000, a warwatse cikin fadoji da gidajen sarauta. A ƙa'ida ba dukiyar Sarki ba ce ta ƙashin kansa. Riƙon amana yake yi saboda magadansa da al'umma, ba shi da ikon sayarwa, kamar dai yadda Gajere, takobin sarautar Katsina, ke hannun kowane sarki ba tare da ya shiga rabon gadonsa ba. Tun 1993 wata hukumar amana ke kula da taskar, kuma da kuɗin tikiti da na tsarabar da baƙi ke saye take gudana.

A nan ne gardama take. A Faransa juyin juya hali ya mayar da taskar sarki ta jama'a, aka buɗe Louvre a 1793. A Sifen sarki ne da kansa ya buɗe Prado a 1819, daga baya ya koma hannun ƙasa. A Ingila kuwa, da majalisa ta so jama'a su sami gidan zane nasu a 1824, sai da ta sayi zane 38 na wani attajiri ta fara da su, domin na fada suna fada. Wannan gida na ƙasa kyauta ake shigarsa, tafiyar 'yan mintoci ce daga Bakingham. Masu suka suna cewa, in dai al'umma na cikin waɗanda ake riƙe wa amanar, me ya sa sai wayar lantarki ta tsufa za ta ga Vermeer daidai idonta, kuma da kuɗinta? Masu kariya suna cewa zaman zane a ɗakin da aka gina dominsa shi ma tarihi ne, kuma rashin ikon sayarwa ne ya hana taskar sake watsewa irin ta 1649. Suna ƙarawa da cewa ana ba da aron ɗaruruwan kaya ga gidajen nuni. Hujjar farko ta masu kariya tana da ƙarfi a kan manyan zane-zanen sarakuna bisa dawakai, waɗanda don bangon fada aka yi su. A ganina ba ta da ƙarfi a kan Darasin Kiɗa, wanda aka yi don ɗan ƙaramin ɗakin wani mutumin Delft, a kalle shi daga taki biyu.

Maganar aro kuwa gaskiya ce, kuma akwai aron da ya daɗe har an manta aro ne. Manyan zane bakwai na Raphael a kan takarda, waɗanda Charles ya saya a 1623 don masaƙan fada su riƙa kwaikwaya, suna cikin 'yan kaɗan da gwamnatin Cromwell ta ƙi sayarwa. Sarauniya Victoria ta ba da aronsu a 1865 ga gidan kayan tarihin da yanzu ke ɗauke da sunanta da na mijinta Albert. Suna can har yau, ana shiga a gan su kyauta, takardar da ke gefensu kuma tana cewa aro ne daga Sarki.